Zomon Kaka Ya Baje

A wani gari, sunansa ya ɓace mini yanzu, an yi wata yarinya Tasalla. Kakanta ya yi kewar wani wasan bidiyo na ƙuruciyarsa, na zomo mai tsalle. Sai ta samo manhajar kunna tsofaffin wasanni, ta sa masa a talabijin ɗinsu mai faɗi.

Zomo ya fito a baje, kamar an zauna a kansa.

"Wannan ba zomona ba ne," in ji Kaka. "Nawa siriri ne."

Ta taɓa nan, kunnuwa suka yanke. Ta taɓa can, ƙafafu suka ɓace. Kanta ya ɗaure.

Can Kaka ya ce, "Amarya, ko dai ni ne na manta?"

Da ta ce e, da ta huta. Amma sai ta ce, "Kaka, yaya talabijin ɗinku na da yake?"

Ya kwatanta da hannu, kamar akwati, ba faɗi.

Ta zaɓi wannan siffar a cikin manhajar. Hoto ya tsuke, baƙi ya bayyana dama da hagu.

"Na ɓata shi," in ji ta.

Kaka ya ce, "Bar shi haka. Ga zomona nan, ashe ban manta ba. Miƙo mini abin buga wasan ki ga gwani."