Hon ɗin Daf ɗin Baba Kura

"Baba, don Allah a rage mini hanya zuwa Kazaure."

Muhsin ya zaro ido. "Zulai! Babana ne fa... ina kunyar Fulanin taki?"

Zulaikha ko kallonsa ba ta yi ba. Yarinyar da ko sunan surukinta ba ta iya kamawa, yau ita ce tsaye a bakin titin Gwiwa tana tsayar da babbar motarsa ƙirar daf, saura mako a ɗaura mata aure da ɗansa.

Baba Kura, tsohon direban da ya ci hanyar Kudu har ta ci gashin kansa, ya yi dariya. "Hau, 'yata. Ai motar gidanku ce."

Ta hau gaba, Muhsin ya matsa tsakiya yana ta murmushi. Shi a zatonsa kewarsa ce ta fito da ita. Bai san tun jiya wuta ke cin ƙirjinta ba.

Shekara biyu ke nan da rasuwar Hamma Mamuda, yayanta, wanda ya riƙe ta tun mutuwar mahaifinsu. Shi ba ya biyan kuɗin mota. Bakin titi yake tsayawa, manyan motoci su rage masa hanya har Legas. A tafiyarsa ta ƙarshe ya turo mata saƙon murya: "Zulai, na samu mutanen kirki, ji hon ɗinsu, kamar algaita!" Sai wata busa mai hawa da sauka ta biyo baya. Daga nan zazzaɓi ya rufe shi. Direban ya ji tsoron kada mutum ya mutu masa a mota 'yan sanda su riƙe shi, ya sauke shi a gefen hanya bayan Jebba, ya ƙara wuta. Wani mai shayi ne ya tsinci gawar.

Babu ranar da ba ta sauraron saƙon nan. Jiya kuwa tana tsakar gida, motar da ta kawo lefenta ta shigo gari da wannan busar, sak, ba ragi. Ta leƙa, ta ga Baba Kura yana saukowa daga mazaunin direba.

Ta rantse sai ta tona masa asiri a gaban ɗansa. Sai ta raba shi da Muhsin kamar yadda ya raba ta da Hamma, ya tsufa shi kaɗai da baƙin ciki!

Sun wuce Roni, duwatsu sun fara bayyana, ta ciro wayarta.

"Baba, akwai abin da nake so ka ji."

Muryar Hamma ta cika motar, hon ya biyo baya. Zulaikha ta kafe dattijon da ido.

"Ka gane shi? Yayana ne! Amana ya ba ka, ka yar da shi a titi kamar buhun da ya ruɓe... Muhsin, ka ji abin da mahaifinka ya yi. Zaɓi, ko ni ko shi!"

Baba Kura ya gangara gefe ya taka birki.

"Sake kunnawa, 'yata."

Ta sake.

"Hon ɗin motata ne," ya ce a hankali. "Amma busar ba tawa ba ce. Kowane direba da hannunsa, a tasha ko ido rufe mun san wa ke tafe. Ni sau biyu nake dannawa in bari. Wannan kiɗan, mutum ɗaya na sani da shi."

"Jiya ma na ji ka..."

"Jiya ango ne ya miƙo hannu ya busa wa amaryarsa."

Sai a lokacin ta juya ta dubi Muhsin. Gumi ya jiƙa masa riga. Muhsin ɗinta, mai shagon taya a Kazaure, wanda duk ta tambaye shi dalilin barin tuƙi sai ya ce hanya ce ba ta karɓe shi ba.

"Shekarar da na kwanta ciwon ƙafa kai ka yi lodin Legas," in ji Baba Kura. "Ka dawo ka ajiye mini makulli, ka ce ka gaji."

"Zulai... wallahi ban san yayanki ba ne! Tsoro ne ya kama ni. Na ajiye masa ruwa, na ce wani zai tsaya..."

"Da ba yayana ba ne, ya halatta ke nan?"

"Masoyiyata, ki dubi Allah, ki dubi son da..."

"Kada ka ƙara kirana da sunan nan!"

Ta kama murfin ƙofa za ta fita. Baba Kura ya ɗaga hannu.

"Zauna. Wanda na rage wa hanya, sai inda ya ce nake sauke shi. Haka na koya, haka na zaci na koyar." Ya dubi ɗansa da jajayen idanu. "Kai ne za ka sauka."

"Baba, a nan? Dajin Allah..."

"Da lafiyarka ai. Shi yayanta ko tsayuwa ba ya iyawa."

Ta kauce, Muhsin ya sauka yana kuka. Ta ɗauki gorar ruwan da ke ƙarƙashin kujera ta jefa masa, ta ja ƙofar da ƙarfi.

Motar ta tashi. A madubi tana ganinsa yana bin su da gudu, yana kiran sunanta. Ta samu abin da ta rantse a kai, ta raba uba da ɗa, kuma har yanzu son Muhsin bai ragu a zuciyarta ko kaɗan ba. Wannan ne ya fi yi mata ciwo. Kalma ɗaya za ta faɗa a taka birki, ta cije leɓe har ya fashe.

"Ina zan sauke ki, 'yata?" in ji dattijon.

Ta share hawaye. "Ofishin 'yan sanda, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya sa giya.