Farantin Baba Egidio

Ranar Juma'a da hantsi aka kira Sufeto Nazzareno zuwa wani ɗan gidan abinci mai tebur takwas a unguwar Garbatella. An sace littafin girkin da mahaifiyar Ottavia, mai wurin, ta rubuta da hannunta.

"Yallaɓai, Litinin zan sayar da wurin nan, gwiwoyina sun gaji," in ji Ottavia. "Mai sayen kuwa ya ce in babu littafin babu ciniki."

"Ina kike ajiye shi?"

"Bayan injin kofi. Jiya da rana yana nan."

Kuku Fulvio ya rantse ko taɓa littafin bai taɓa yi ba. Sufeto ya zaro wata takarda da ke leƙowa daga aljihun kukun.

"To, na kwafi shafi biyu," Fulvio ya faɗa yana sosa ƙeya. "Amma in sace shi in yi me? Ido rufe nake dafa abin da ke ciki."

Sai Sufeto ya juya kan Mirella mai kai abinci.

"Su wa suka ci abinci jiya?"

"Mutanen kullum. Baba Egidio ne kawai ya ba ni mamaki, ya bar miya a faranti."

"Sai me?"

"Haba Yallaɓai! Shekara goma sha tara tsohon nan yana suɗe faranti da burodi, har sai ka ga fuskarka a ciki. Jiya ko kofi bai jira ba. Ya ɓalla maɓallan kwat har wuya, cikin wannan zafi, ya fice."

Egidio tsohon ma'aikacin gidan waya ne, a hawa na huɗu yake zaune. Da Sufeto ya je, ya tarar kujera ɗaya ce a ɗakin. Sufeto, wanda shi ma a tsaye yake cin abincinsa tun da matarsa ta tafi, ya ji zuciyarsa ta yi nauyi.

"Ciwon ciki ne ya tayar da ni," in ji tsohon.

"Baba, ciwon ciki ba ya kumbura kwat."

 Egidio ya ɗaga filo ya miƙo littafin.

"Ban ko buɗe shi ba. Na ce in cinikin ya lalace, ba za su rufe ba. Ɗana, a garin nan kaf, can kaɗai ake kiran sunana."

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Ya riƙe masa hannu suka sauko matakala a hankali.

A ofishin 'yan sanda, wani sajan ya buɗe fayil. "Baba, wa za mu kira maka? Ɗa? Ɗan'uwa?"

Egidio ya karanto lamba da ka, ba gargada. Sajan ya buga, ya kara a kunne, sannan ya dubi Sufeto.

"Yallaɓai, gidan abincin ne."