Rabin Bidiyo

"Ki kalla," in ji Baba, ya miƙo mata wayarsa ba tare da ya dube ta ba. "Ki kalla da idonki, kada gobe ki ce sharri na yi masa."

Auta ta karɓa. Dawowarta ke nan daga kantin maganin da take aiki, ko farar rigar aikin ba ta cire ba.

Shi ne kuwa. Saurayinta, wanda iyayensa ke shirin zuwa a tsayar da ranar aurensu. Yana tsaye a kan dandamali da makirufo a hannu, a bayansa ga ƙaton ƙyalle mai zanen tsani, tambarin jam'iyyar da ke hamayya da ta Baba. Muryarsa ta cika falon: "'Yan buta ɓarayi ne, a kore su! 'Yan buta ɓarayi ne, a kore su!"

Nan bidiyon ya ƙare.

Tun kafin a haifi Auta Baba yake jam'iyyar buta. Hularsa mai buta ce, kalandar kantinsa na kayan gyaran mota mai buta ce, har sunansa a guruf ɗin dangi na waya da hoton buta yake fitowa.

"Baba, aiki yake yi," ta ce a hankali. "Hayar lasifika yake bayarwa, ka sani. Kowace jam'iyya tana ɗaukarsa. Idan ya gama haɗa waya sai ya gwada sauti, masu taron ne suke cewa ya karanta abin da ke jikin ƙyallensu don mutane su fara matsowa..."

"To ni ne ɓarawon gwaji ke nan."

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"Yau a ƙofar kantina abokaina suka yi ta kunna mini shi. Mai walda har cewa ya yi, in ɓoye aljihuna ga surukina nan zuwa da 'yan sanda. Ni za a mayar abin dariya da furfurata?" Ya fizge wayar. "Na ji da kunnena, na gani da idona. Ki gaya masa kada iyayensa su wahalar da ƙafarsu."

Mama tana tsaye bakin ƙofar kicin, ta yi wa Auta alama da ido ta yi shiru.

Auta ta shige ɗaki ta faɗa kan gado. Ta yi kuka har ƙirjinta ya yi zafi. Da hawayen suka tsagaita sai ta buɗe guruf ɗin dangi, ta gangara sama tana neman wanda ya fara sakin abin.

Ɗiyar Goggo ce. Ta girmi Auta kaɗan, mayafai da takalma take sayarwa ta waya, kuma duk dangi Ɗumi-Ɗumi suke kiranta, saboda babu saƙon da za ta turo ba ta ɗora masa "da ɗumi-ɗumi" a kai ba. Yau ta ce gishiri yana maganin hawan jini, gobe ta ce za a rufe bankuna. Baba kuwa ya fi yarda da ita a kan rediyo. Cewa yake 'yan jarida duk an saye su, amma yarinyar nan jininsa ce, ba za ta yi masa ƙarya ba.

A ƙasan bidiyon Ɗumi-Ɗumi ta rubuta: "Kawu, yanzu aka turo mini, wallahi har jikina ya mutu."

Auta ta ƙura wa saƙon ido. Duk abin da aka turo wa mutum ya tura gaba, akwai 'yar kibiya da ke fitowa a samansa. Wannan babu. Daga cikin wayar Ɗumi-Ɗumi ya fito kai tsaye.

Ta tashi zaune. Sai a lokacin ta tuna yadda ɗiyar Goggo ke canza mayafi duk ranar da ta ji saurayin nata zai zo zance, da yadda ta taɓa cewa cikin dariya, "Ni fa na fara ganinsa, ke dai kin fi ni sauri ne."

Hawayen suka ƙafe ƙaf.

Washegari da hantsi ta nemi izini a wurin aiki ta tafi shagon saurayin nata. Ta same shi zaune tsakanin manyan lasifikoki yana naɗe waya a gwiwar hannu. Ɗaya-Biyu ake kiransa a unguwa, saboda abin da yake faɗa in yana gwada makirufo. Idanunsa sun yi ja.

"Autata," ya ce yana miƙewa. "Na kira Baba har na gaji, ba ya ɗauka."

"Ba zai ɗauka ba. Ka ga Ɗumi-Ɗumi a wurin taron nan?"

Ya mayar da idonsa kan wayar da yake naɗewa.

"Tambayarka nake."

"Na gan ta."

"Shi ne ba ka faɗa mini ba?"

"'Yar'uwarki ce, zuciyata. Me zan ce?"

Ta san al'adarsa. Duk taron da ya je yakan kafa wata tsohuwar waya a kan lasifika ta yi ta ɗauka tun daga farko har ƙarshe, saboda in 'yan taro suka fasa masa kaya ya samu shaida. Ta miƙa hannu.

"Ba ni na ranar."

Suka zauna kan akwatin kaya suka kalla tare. Ga filin taro kafin ya cika. Ga Ɗumi-Ɗumi ta shigo da jakar mayafanta, masu tsaron ƙofa suna ce mata ba mai shiga sai da rigar jam'iyya, ta karɓa ta zura a kan kayanta tana yatsina fuska. Ga ta ta matso gaban dandamali tana murmushi.

"Ango, ka ɗaga murya mana, ba a ji daga baya. Ka sake karantawa."

Ya sake, ita kuma ta ɗaga wayarta.

Can gaba, da kiɗa ya tashi, wasu mata da ta sayar wa mayafai suka jawo ta cikin rawa. Ta taka, ta juya, har ta ɗaga hannu tana amsa waƙar zagin 'yan buta.

Auta ta yi murmushin da bai taɓa gani a fuskarta ba.

"Turo mini."

"Zan turo miki ki nuna wa Baba gaba ɗaya. Gaba ɗaya fa, Auta."

"Na ji."

"Ki dube ni ki ce kin ji."

"Na ce na ji, masoyi."

Ba ta nuna wa Baba ba. A bayan kantar kantin magani ta zauna, tsakanin mai neman maganin tari da mai neman na ciwon kai, ta yanke bidiyon tsaf. Ta cire ƙofa, ta cire jakar mayafai, ta cire matan da suka jawo ta. Ta bar Ɗumi-Ɗumi ita kaɗai cikin rigar tsani, tana karkaɗa kafaɗa tana kiran 'yan buta ɓarayi. Ta tura guruf ɗin dangi, ta rubuta a ƙasa: "Ni ma yanzu aka turo mini, jikina ya mutu."

Ta kife wayar ta ci gaba da ba mutane magani, zuciyarta fes.

Kafin ta tashi daga aiki guruf ya kama da wuta. Wani kawu ya turo hoton maciji. Wata inna ta yi saƙon murya mai tsawo tana salati. 'Yan tsanin cikin dangi, da suka daɗe suna ɓoye kansu saboda Baba, suka fito suna yi wa Ɗumi-Ɗumi barka da zuwa. Baba ya rubuta layi ɗaya tak, cewa kada ta sake taka masa gida. Ya kuma kira shugabar matan jam'iyya, wadda ta hanyarsa ta ba Ɗumi-Ɗumi aikin kawo mayafan yaƙin neman zaɓe, ya ce a karɓe.

Goggo ta zo gidan tana kuka, Baba ya ƙi fitowa. Auta tana jin su daga ɗaki, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya tana yanke farce.

Sai dai maganar aure ba ta motsa ba. Da Mama ta gwada tayar da ita, cewa Baba ya yi, "Maciya amana biyu ke nan. Ɗaya bai wanke ɗaya ba."

Da yamma Ɗaya-Biyu ya kira.

"Kin yanke shi."

"Ita ma yankewa ta yi."

"Shi ya sa na zata ke ba za ki yi ba."

"Aurena ta nemi rusawa. So kake in kai mata tukwici?"

"So nake Baba ya san gaskiya. Yanzu me ya sani? Rabin nawa da rabin nata." Ya ja numfashi. "Ina sonki, Auta, har ban san iyakarsa ba. Amma in da rabin bidiyo za a ba ni ke, gobe da wani rabin za a raba mu."

"To ka je ka aure ta, tunda tausayinta kake ji."

Ta kashe wayar. Ta jira ya sake kira kamar yadda ya saba. Bai kira ba.

Kwanaki suka wuce haka. Ta rame, ta fara ba mai ciwon ciki maganin mura sai da mai kantin ya tsawata mata. Duk ƙarar waya sai ta yi saurin dubawa, ta ga guruf ne, ana ta musu kan wa zai ci zaɓe.

Mama ce ta ba ta labari a kicin, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaron nan kullum yana ƙofar kantin babanki. Ba ya cewa komai. Ya gaishe shi, ya tsuguna a gefe da tsohuwar wayarsa a hannu, har a rufe kanti. Jiya mai walda da kansa ya ce wa babanki, ko kotu tana sauraron ɓarawo, balle wannan da ko allura bai ɗauka ba."

Ranar hutun ƙarshen mako da rana Baba ya tara su a falo. Goggo da ɗiyarta a kujera ɗaya, Mama a gefe, Auta a ƙasa. Ɗaya-Biyu ya tsuguna kusa da ƙofa, bai ko dubi inda take ba. Aka jingina tsohuwar wayar da kwalbar ruwa a kan tebur.

Baba ya sa tabarau ya kalla tun daga farko.  Da aka zo wurin "Ango, ka ɗaga murya," Goggo ta juya ta dubi ɗiyarta, ta matsa daga kusa da ita. Da aka zo wurin masu tsaron ƙofa da matan rawa, Baba ya ɗago ya dubi Auta ta saman tabarau. Ta sunkuyar da kai.

Bidiyon ya ƙare.

"'Ya'yana biyu," in ji Baba, muryarsa a dushe. "Kowacce ta san inda za ta taɓa ni in tashi kamar injin da aka murɗa wa makulli. Ku kuka yanka, ni na haɗiye." Ya juya wajen ƙofa. "Kai kuma, da ka kawo mini wurin da ya wanke ka kaɗai, da ka huta. Me ya sa ka dage sai na ga na wadda ta cuce ka?"

"Baba, gidan nan nake so in shiga. Ba na so in same shi a fashe."

Baba ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga.

"Ka ce wa iyayenka ina jiransu. Amma in ka sake zuwa taron 'yan tsani, ka tsaya a ɗaya-biyunka."

"In Allah ya yarda, Baba."

Ɗumi-Ɗumi ta zamo daga kujera tana shessheƙa. "Kawu ka yafe mini. Auta, don Allah..."

"Baba," in ji Auta, ba ta dube ta ba. "Nawa a guruf ɗin dangi kawai na saka, kuma yanzu a gabanka zan saka cikakken, in ce ni na yanke. Nata kuwa babu inda bai je ba. Guruf ɗin 'yan kasuwa, na unguwa, na tsofaffin 'yan makarantarsu. Mutane sun daina ɗaukar kayansa."

"Me kike so a yi?"

"Ta faɗa da muryarta. Ba rubutu ba, kada gobe ta ce an karɓe mata waya. Ta ce ita ta sa shi ya maimaita, ita ta ɗauka, ita ta yanke. Ta tura duk inda ta tura wancan."

Goggo ta buɗe baki, Baba ya ɗaga mata hannu.

"Ta yi."

Auta ta tashi ta zauna a hannun kujerar, kafaɗarta na gogar ta ɗiyar Goggo. Sau uku tana sa ta goge ta sake, don kuka yana cinye kalmomin. Da ya fita tas, ta tsaya a kanta tana bin yatsanta da ido, guruf bayan guruf, ba ta bari an tsallake ko ɗaya ba.

Sannan ta tura nata, ta fita tsakar gida. Yana tsaye jikin bango yana jiranta.

"Kin huce?"

"Saura kaɗan."

"Ni fa? Na sha nawa hukuncin, ko akwai saura?"

Ta harare shi, idonta ya cika da ruwa. "Ka ƙi kirana."

"Kullum sai na danna lambarki in goge, rabin raina."

"To ka kira yanzu."

"Ga ni a gabanki."

"Na ce ka kira."

Ya ciro wayarsa yana dariya ya danna. Tata ta yi ta ƙara a hannunta, tana kallonsa, har ta kusa tsinkewa. Sannan ta ɗauka.