Takardar da Baba Ya Cike da Hannunsa

"Dokta! Ke Dokta! Wai ba ki ji ina kira ba ne?"

Umma ce ke ƙwala kira daga kicin, amma wadda ake kiran hankalinta ya yi nisa. Tana zaune dirshan a tsakiyar falo, ko kayan makaranta ba ta cire ba, ta kife fankar tebur a cinyarta, ta jera ƙananan notina a murfin kwalba. Ita ce autar gidan, shekararta goma sha takwas, saura wata uku ta gama sakandare. Tun tana rarrafe Baba ya laƙa mata Dokta, har maƙwabta suka manta da ainihin sunanta. Baba kemis gare shi a bakin titi. Shekara ashirin yana fama da rubutun likitoci yana miƙa magani, kuma ba shi da buri a duniya irin ya ga ranar da za a kawo masa takarda da sa hannun 'yarsa.

Umma ta leƙo ta riƙe haɓa. "Oh ni! Ita ma fankar ba ki ƙyale ta ba?"

"Umma, ƙararta ce ta dame ni. Minti biyu kawai."

Ta ɗaure notin ƙarshe, ta jona, fanka ta hau juyi shiru kamar sabuwa. Sai Auta ta jawo jakarta, ta ciro wata farar takarda, ta yi ƙasa da murya. "Malama ta ce Baba ya sa hannu. Don Allah ke za ki ba shi."

Malamar da take nufi ita ce mai ba ɗalibai shawara kan sana'a. Tsarinta kowa ya san shi a makarantar: kowane ɗalibi da fayil ɗinsa tun ranar da ya shiga aji huɗu, in ya kai ajin ƙarshe a tura shi mako guda wurin aikin da ake masa fata, sannan a zauna da shi a rubuta masa hanyar da ta dace da shi shi kaɗai. Auta asibiti aka tura ta. Ranar farko aka shigar da ita ɗakin wanke ciwo, ba ta san sanda ta faɗi ba, sai farkawa ta yi a kan benci wata nas tana mata fifita da kati. Rana ta uku, garin neman inda za ta ɓuya, ta faɗa wani ɗaki a bayan ginin, cike da matattun na'urori da wani dattijo mai gyara su. A nan ta ƙarasa makonta, kuma kafin ta tafi ita da dattijon suka tayar da na'urar ɗumama jarirai bakwaini da ta yi wata biyar a ajiye.

Umma ta karanta abin da aka rubuta a saman takardar: injiniyar na'urorin asibiti. Ta mayar mata da sauri. "Ni? Rufa min asiri. Ke za ki ba shi da hannunki, ni dai zan zauna a kusa."

Rashin sa'a, ranar Gwaggo, yayar Baba, ta zo wuni, kuma ita ba a magana a gabanta ba ta sa baki ba. Baba ya dawo da yamma, ya sa tabarau, ya karanta takardar har sau biyu.

"Injiniya? Gyaran inji? Ni na haifi likita, a zo a ce min makanike!"

"Baba, jini ne ba na iya..."

"Kowa da haka ya fara! Za ki saba!"

Gwaggo ta tafa hannu. "Kai ma dai da neman nisa. Ai ni tuni na gano bakin zaren. Yaron nan ne mai wayarin! Shi ya hure mata kunne, so yake ya jawo ta ƙasa su zama ɗaya, kada ta zama likita ta fi ƙarfinsa."

Dogo take nufi, ɗan maƙwabtansu da ke karatun lantarki a kwalejin fasaha, yana wayarin gidaje lokacin hutu. Bara ya turo kawunsa wurin Baba, Baba ya yarda ya riƙa zuwa ran Asabar su gaisa a falo, da sharaɗin karatu ne a gaba. Auta na son sa har cikin ranta, shi ma haka, kuma duk unguwar an shaide shi da ladabi. Amma maganar Gwaggo ta zauna wa Baba daram, don ta fi sauƙin haɗiya a kan a ce 'yarsa ce da kanta ba ta son likitanci.

"Daga yau kada in sake ganin ƙafarsa a gidan nan," in ji Baba. "Fom ɗin shiga jami'a kuma, likitanci za ki cike. Na gama magana!"

Auta ta fashe da kuka. "Wallahi Baba babu ruwansa! Bai ma san da takardar nan ba!"

Baba ya tashi ya shige ɗaki.

Ran Asabar Dogo ya zo da farar rigarsa a goge, ya tarar da Baba a bakin ƙofa. Ya durƙusa zai gaishe shi, Baba ya zazzage masa duk abin da ke cikinsa. Dogo ya ce, "Baba, Allah ya sani ban taɓa ce mata ta bar likitanci ba. Amma tunda ka ce kada in zo, ba zan zo ba." Ya tashi ya tafi, idanunsa jajur.

Kwana uku Auta na rungume da waya, ko mesej bai shigo ba. A na huɗu Umma ta dawo daga kasuwa ta ce ta haɗu da shi a hanya, har ya ɗauko mata kaya zuwa bakin layi.

"Ya ce in gaya miki ba zai kira ki a ɓoye ba, don ba ya son ya ci amanar mahaifinki. Ya ce ki yi abin da Baba ke so. Ko shekara goma karatun zai ɗauka, yana nan."

"Shi ma ya bi bayansu!" Auta ta kifa kai a cinyar Umma tana kuka mai cin rai. "Umma, na rasa karatun da nake so, na rasa shi. Me na yi?"

Umma ta shafa kanta, ita ma hawaye na zuba. "Ki yi haƙuri, 'yar nan. Mahaifinki zafi gare shi, amma ba azzalumi ba ne."

Gidan ya yi tsit. Rediyon Baba ya lalace, babu wanda ya taɓa shi. Auta ta rame, ta daina dariya, in an kira ta Dokta sai ta amsa kamar wadda aka kira wurin hukunci. Saura kwana biyar a rufe fom, Baba ya kulle kemis da hantsi, ya nufi makarantar da niyyar wanke Malama tas.

Ofishinta ɗan ƙarami ne, kabad biyu na ƙarfe da taga mai kallon filin ƙwallo. Ta bar shi ya yi faɗansa har ya gaji, sannan ta jawo wani fayil, ta zaro tsohuwar takarda mai ɗigon jan maganin tari a gefe.

"Baban Auta, kafin mu yi gardama, ga wata shaida. Bari in karanta maka." Ta gyara zama. "Tambaya: me yarinyar ke yi idan ba wanda ya sa ta aiki? Amsa: kwance kayan mutane. Ta kwance rediyo, ta kwance agogo, ta kwance na'urar awon jini. Abin haushi, in ta mayar sai su fi da aiki. Tambaya: me take tsoro? Amsa: jini. Ko yanka ta yi a yatsa sai an riƙe ta."

Baba ya buga tebur. "Ka ji ko! Wannan bakin yaron nan ne! Wa ya ba shi damar rubutu a fayil ɗin 'yata?"

Malama ta miƙa masa takardar.

Baba ya sa tabarau. Rubutu ne mai kama da tafiyar tururuwa, irin wanda zama da takardun likitoci ya koya wa mutum. Nasa ne. A ƙasa ga sa hannunsa, ga kwanan wata, shekara uku da suka wuce. Sai ya tuna: Auta ta kawo masa ita a kemis, ya cike ta a tsaye kan kanta, tsakanin mai neman maganin tari da mai ciwon haƙori, yana mita. A lokacin iyayen Dogo ko tarewa a unguwar ba su yi ba.

Malama ta ce a hankali, "Kowane uba muna ba shi wannan takardar, don ba wanda ya kai shi sanin ɗansa. Ni abin da ka gaya min na bi. Layi ɗaya ne kawai ya saɓa da sauran, inda ka rubuta kana so ta zama likita." Ta rufe fayil ɗin. "Jiya ta zo nan tana kuka, wai in canza mata zuwa likitanci. Na ce me ya sa? Ta ce wanda take so ya ce ta bi mahaifinta."

Baba ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Kunya ta rufe shi, sai kuma ya ji wani nauyi da ya kwana goma a ƙirjinsa ya sauka.

"Malama," ya ce, "wannan aikin... a asibitin dai za ta yi shi?"

"A asibiti. Likita goma ba za su iya ceton bakwaini ba in na'urar ta mutu."

"Ba ni biro."

Da la'asar ya aika a kira Dogo. Yaron ya shigo falo, ya durƙusa nesa. Gwaggo na nan ta sake zuwa wuni, Umma na bakin ƙofar kicin, Auta ta laɓe a bayanta.

Baba ya yi gyaran murya. "Rediyona ne ya lalace."

Dogo ya ɗago a tsorace. "Baba... ai akwai wadda ta fi ni iyawa a gidan nan."

Umma ta toshe baki. Baba ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa.

"Tashi ka zauna a kujera, ɗana. Na ɗora maka laifin da ba naka ba, ka yafe min. Asabar ɗinka tana nan, sharaɗina ma yana nan, karatu tukuna."

"Baba, ba ka yi min komai ba," in ji Dogo.

Gwaggo ta gyara mayafi. "Ni dama tun farko na ce yaron nan akwai hankali."

"Yaya!" in ji Baba da Umma a tare.

Baba ya ciro farar takardar nan da Auta ta kawo daga aljihu, da sa hannunsa a jiki, ya ɗaga ta sama. Ya buɗe baki zai kira sunan da ya saba kira shekara goma sha takwas, sai ya tsaya.

"Injiniya! Zo ki karɓa. Ki zo min da sukundirebanki kuma, kwana shida ban ji labarai ba."

Auta ta fito da gudu ta zube a gabansa, kuka da dariya a haɗe, ta ma rasa wanda za ta fara.

Haka haƙurin yaran nan biyu ya yi musu rana. Da Dogo ya bi ta bayan gida, da Auta ta yi wa mahaifinta tsaurin ido, da ƙaryar Gwaggo ta zama gaskiya. Ku kuma iyaye, kafin ku nemi wanda ya canza muku ɗa, ku tuna abin da idonku ya gani tun yana ƙarami. Sau da yawa kun riga kowa sanin hanyarsa, burinku ne kawai ya tsaya a gaba.