Furen Kuɓewa a Katin Sa'adiya

Wata yarinya 'yar aji biyar a Garki ta iya rubutu da alƙalami mai tsini. Babanta ne ya koya mata. In ta danna, layi ya yi kauri. In ta sassauta, ya fito siriri kamar gashi. Da haka take zana ganye da furanni kewaye da suna.

Rannan Malama Justina ta ba ta katuna.

"Gobe ranar iyaye ce. Ki rubuta sunan kowa, mu sa a kan tebura."

A gida ta fara da katin ƙawarta Kubra. Fure nan, ganye can, har katin ya cika maƙil.

"Ke, tun la'asar kati ɗaya kike yi?" in ji Mama.

"Mama, na Kubra ne fa!"

Ai kuwa kafin ta kai ƙarshe, tawada ta kusa ƙarewa. Kati na ƙarshe na Sa'adiya ne, sabuwar ɗaliba daga sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro. Suna kawai ya samu, ko ganye ɗaya babu.

Da safe kowa na murna da nasa. Sa'adiya ta dubi nata, ta dubi na Kubra, ta kife nata a hankali.

Malama ta ja yarinyar da ta rubuta katunan gefe.

"Maman Sa'adiya ma tana hanya. Me za ta gani?"

Kunya ta kama ta sosai. Ta roƙi tawada wurin Malama, ta je ta zauna kusa da Sa'adiya.

"Ki yi haƙuri, ban kyauta ba. Wane fure kike so?"

Sa'adiya ta ce, "Furen kuɓewa. Akwai shi a bayan gidanmu, can garinmu."

Yarinyar ta yi turus. Gwana guda, amma kuɓewa a miya kawai ta san ta!

Sa'adiya ta yi dariya, ta zana shi da fensir. Ita kuma ta bi da tawada.

Da maman Sa'adiya ta iso, ta daɗe tana kallon katin.

"Irin na gida," ta ce, tana murmushi tana share ido. Ta dafa kan yaran biyu.

Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa in an ba ka aikin kowa, kada ka ƙarar da kyan a kan wanda kake so kaɗai.