Ɗakin Inna a Bayan Gida

Ranar da aka gama haƙa harsashin ginin, yamma ta yi lafiya lau kamar kullum. Magina sun wanke cebur sun tafi, matar gidan tana kicin, Mai Kemis kuma yana tsaye a bayan gida da takardar zane a hannu, yana kallon ramukan da za su zama ɗakin mahaifiyarsa. Rana ta yi ja, tsuntsaye suka yi tsit gaba ɗaya. Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Na biyu ya biyo, na uku ya sauka a gaban takalminsa. Ya sunkuya ya taɓa, ya ji shi da zafi kamar daga murhu aka ciro shi.

Mai Kemis mutum ne da ko gishiri zai zuba sai ya auna. Shekara biyu ke nan Inna tana kwana a falonsa, tun da mahaifinsa ya rasu, kullum da safe a naɗe katifarta a tura bayan kujera kafin baƙi su zo. Abin yana damunsa, kuma in za a faɗi gaskiya, rabin damuwar tausayi ne, rabi kuwa son a samu falon. Wata huɗu ya yi yana shiri. Ya kai zane ofishin tsara gari aka buga hatimi. Ya auna tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da katangar maƙwabci, ya je har gida ya tambayi maƙwabcin ko taga za ta takura masa. Ya duba inda ruwan sama zai bi, inda bututu da wayar wuta za su shiga, ya hana a yi matakala saboda gwiwoyin tsohuwa. Akwai tsohuwar rijiya a lungun bayan gidan, rufe da murfin siminti tun kafin ya sayi gidan, sai ya ga dabara ce a fasa murfin a mai da ita ramin ban-ɗakin, a huta da sabon haƙa. Aka kuwa fasa, har yaba wa kansa ya yi.

Mutum biyu ne kawai bai tambaya ba. Ɗaya Inna ce, wadda kullum da yamma take jan kujerarta ta zauna a gefen murfin nan har duhu ya shiga. Ɗayar kuwa bai ma san tana wurin ba.

Daga ranar, duk faɗuwar rana sai jifa ta sauka, ba a ganin mai yi. Bulon da aka jera da rana, da safe a tarar an kwashe shi an ajiye gefe a tsare, ko ɗaya bai fashe ba. A rana ta huɗu shugaban magina ya ji tarin tsohuwa daga cikin rijiyar, ya leƙa bai ga kowa ba, ya tattara kayansa.

"Maigida, nemi wani," in ji shi. "Ina da iyali."

Washegari Auta, 'yarsa mai shekara goma sha shida, ta fita kwashe shanya dab da magariba. Shiru, shiru ba ta dawo ba. Uwarta ta same ta tsaye cikin ramin harsashi, kayan na ƙasa, bayanta a ranƙwafe, tana dafe da ƙugu irin na wadda ta haura tamanin. Kwana uku ba ta ci ba, ba ta runtsa ba. Mai Kemis ya kawo duk abin da ya sani daga kantinsa, ya kai ta asibiti aka ce ba a ga komai ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, domin wannan abu ne da ba ya aunuwa. Inna dai tana kusurwar falo tana jan carbi, ba wanda ya tuna ya ce mata uffan.

Malamin da suka ɗauko dattijo ne mai ƙarancin magana. Bai fara shiga wurin yarinyar ba, sai da ya zagaya ramukan, ya tsaya a bakin rijiyar ya daɗe.

"Kun yi sallama kafin ku fasa?"

"Da wa, Malam?"

Malam ya juya ya nufi cikin gida. Ya sa aka shimfiɗar da Auta a falo, ya zauna wajen kanta ya fara karatu a hankali. Haske yana raguwa a taga. Can jikinta ya sandare, ta buɗe baki, muryar da ta fito ta tsohuwa ce, busasshiya, mai haki.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta ne. Tun ba a kafa tubali ɗaya a unguwar nan ba nake cikin rijiyar. 'Ya'yana ne suka ajiye ni suka yi gaba. Ya tambayi hukuma, ya tambayi maƙwabci, har ruwan sama ya tambaya inda zai bi. Ni kuwa ya fasa mini rufi, zai zuba mini ƙazanta a ka."

"Bai san da ke ba. Ke kuma kin zalunci wadda ba ta ji ba ta gani ba. Fita."

"A bar ginin."

"Filinsa ne. Ba za a bari ba."

"To a ba ni kwana bakwai in kwashe."

"Uku," in ji Malam. "Rijiyar kuma za a cike ta da ƙasa mai tsabta, a haƙa ramin a wani gefe." Ya dubi Mai Kemis, shi kuma ya gyaɗa kai da sauri.

"Na yarda. Amma sai na yi sallama da ƙawata."

Kan Auta ya juya a hankali har ya fuskanci kusurwar da Inna take. Sai busasshiyar muryar ta ci gaba daga bakin yarinyar.

"Shekara biyu muna hira da yamma. Ita ke ba ni labarin mijinta, ni in ba ta na 'ya'yana. A gidan nan akwai wanda ya taɓa zama da ita ko na shan ruwa? Kai mai awo, gaya mata dalilin da ya sa ƙofar ɗakin take kallon titi, ba cikin gida ba. Ina jin ku kai da mai zane. Ka ce in ta Allah ta kasance, sai a sa 'yan haya."

Mai Kemis ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Ya so ya ce ƙarya ne, amma ya faɗa, da bakinsa ya faɗa. Malam ya ɗaga murya da karatu, Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta ce da muryarta, "Umma, ƙishi nake ji." Uwar ta fashe da kuka ta rungume ta.

Jifa ta tsaya tun daga ranar. Bayan kwana uku aka cike rijiyar. Mai Kemis ya koma wurin mai zane aka juya ƙofar ta kalli cikin gida, ya sake bin layin ofis don sabon hatimi. Ya kai wa Inna takardar har gabanta yana nuna mata da yatsa. Ta duba ta ce Allah ya yi albarka, ba ta ƙara komai ba.

Da yamma ya hango ta ta ja kujerarta zuwa lungun, ta zauna a gefen sabuwar ƙasar, hannuwanta a kan gwiwa. Ya ɗauko bulo ɗaya ya zauna kusa da ita. Ya buɗe baki, ya rasa ta inda zai fara, domin bai san abin da ake ce wa Inna ba bayan gaisuwa da tambayar ko ta sha magani. Suka zauna haka har duhu ya fara rufe katanga.

"Ta tafi ke nan?" in ji Inna.

"Ta tafi, Inna."

Ta mai da ido kan ƙasar. Sannan ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Tashi ka shiga ciki, sauro zai cije ka. Ba ka saba ba."