Rahotona, Sunansa

Ina tsaye gaban injin fotokwafi a shagon da nake aiki, wayata ta kama tsuwa kamar za ta fashe. Guruf ɗinmu ne na masu koyon tsaron intanet, saƙo ya haura ɗari.

"Dogo ya fitar da mu kunya."

"Daga yau sai dai a ce oga."

Wani ya turo labarin daga wani shafin labarai. Na taɓa. Ga hoton Dogo cikin rigar da ni na zaɓa masa, ga bayani a ƙasa: matashi ya gano ɓaraka a manhajar wani kamfanin kai magani gida-gida, kamfanin ya ɗauke shi aiki.

Takardun mutane suka zube daga hannuna.

Ɓarakata ce.

Kamfanin ne ya yi shela cewa duk mai iya gano kafar da 'yan kutse za su bi, ya gwada ya kawo rahoto. Sati uku na yi a kai, da tsohuwar kwamfutar Yaya wadda sai an tokare murfinta da littafi. Na gano cewa in ka sauya lamba ɗaya a adireshin oda, sai bayanan wani majinyaci su fito: sunansa, gidansa, maganin da yake sha. Na rubuta rahoto, na tura wa Dogo ya duba mini kuskuren rubutu.

Dogon da zan aura. A guruf ɗin muka haɗu, shi ya fara nuna mini yadda ake gwaji ba tare da an taka doka ba.

Na kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Zumata... ki tsaya ki ji."

"Sunan wa ke kan rahoton?"

"Abinki ai nawa ne, nawa naki ne. Kin manta abin da Baba ya ce? Ba zai ba mai zaman danna waya 'yarsa ba. Yanzu ga aiki. Don mu na yi."

"Ka tambaye ni?"



"Da na tambaye ki, da kin hana," ya ce a hankali. "Ke mace ce, ko ba ki samu aiki ba..."

Na kashe wayar kafin ya ƙarasa.

Na koma guruf na rubuta layi ɗaya: aikin nan nawa ne. Aka yi mini caa. Wannan ya ce hassada, wancan ya ce rigimar masoya a kai ta waje. Mai kula da guruf ɗin abokin Dogo ne, ko minti biyar ba a yi ba ya cire ni.

A gida, Yaya ta ajiye kayan da take ninkewa ta zuba mini ido.

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo ke nan. Auta, ba kin san kalmar sirrinsa ba?"

"Na sani."

"To me kike jira? Ki shiga imel ɗinsa ki kwaso komai ki watsa. Rama cuta ga macuci ibada ce."

Wallahi hannuna har ya kai kan kwamfutar. Na rubuta haruffa huɗu na farko. Sai na goge.

"In na shiga ba da izininsa ba, na zama irin waɗanda nake koyon kamawa. Babu kamfanin da zai sake kallona."

"Sai ki bar shi ya ci bulus?"

"Wa ya ce zan bar shi?"

Akwai abin da Dogo bai sani ba. Abin da na tura masa rabin aiki ne. Gyaran da na ba da shawara a ciki yana toshe ƙofar gaba, amma akwai ta baya, ta wajen da ake sauke rasit. Ita nake kan bincikawa lokacin da ya yi gaggawar tallata kansa.

Kwana huɗu na ƙarasa ta. Na haɗa rahoto na biyu, da imel ɗin da na tura masa mai ɗauke da rana da lokaci, na aika wa kamfanin ta hanyar da suka ware. Washegari shugabar sashen tsaro ta kira ni.

Ɗakin taron ƙarami ne, sanyin na'ura har ƙashi. Shugaba mace ce mai furfura kaɗan a goshi da tabarau a kan hanci. Dogo na zaune gefenta, sabon katin aiki rataye a wuyansa. Da ya gan ni, biron hannunsa ya faɗi.

Shugaba ta tura masa kwamfuta.

"An ce gyaran da ka kawo bai rufe komai ba. Nuna mana inda ya rage."

Ya danna nan, ya danna can. Gumi ya tsattsafo masa duk da sanyin. Ya ɗago ya kalle ni, irin kallon da a da yake narkar da ni.

Na kalli agogon bango.

Minti goma sha biyu ya yi yana lalube. Na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba zan ɓoye ba, kowanne ya yi mini daɗi.

"Ke fa?" in ji Shugaba.

Na jawo kwamfutar. Da asusun gwajin da suka ba ni na buɗe rasit, na sauya lambar, bayanan wani asusun gwaji suka cika allo. Ko minti biyu ban yi ba.

Shugaba ta cire tabarau ta juya gare shi.

"Rashin sani ba laifi ba ne a nan, ana koyo. Amma mu asirin marasa lafiya muke tsarewa. Wanda ya ci amanar wadda ta yarda da shi, da me zan ba shi makulli?"

A bakin matakala Dogo ya tare ni. Idanunsa sun yi ja.

"Hasken raina, kin san aurenmu kika rusa?"

"Ranar da ka goge sunana ka rusa shi."

"Da kin zo mun yi magana..."

"Na yi magana. Abokinka ya cire ni."

"Har yanzu ina son ki."

Ni ma ban daina son shi ba. Na riƙe ƙarfen matakala da kyau.

"Na sani. Sai dai irin son naka, sai na ɓace sannan kake fitowa."

Na sauka ban waiwaya ba.

Da na gaya wa Baba cewa kamfanin ya sallami Dogo ya ɗauke ni, bai ce ai ya faɗa ba. Sai dai ya ce, "Kenan danne-dannen nan aiki ne?"

"Aiki ne, Baba."

"To Allah ya yi albarka. Shi kuma Allah ya shirye shi."

Litinin na fara a matsayin mai koyon aiki. Aka ba ni tebur kusa da taga, da kujera mai ɗan ƙara. Shugaba ta ajiye mini takarda.

"Aikinki na farko. Duk wanda ya bar kamfani, a ranar ake rufe asusunsa. In zai yi miki nauyi, in ba wani."

Suna ɗaya ne a takardar.

"Zan iya," na ce.

Na buɗe shafin. Ga hoton Dogo yana murmushi. Na'urar ta tambaye ni ko na tabbata.

Na danna.

Sannan na tashi na shiga banɗaki, na kunna famfo don kada a ji, na yi kukan da na riƙe tun ranar farko. Da ya ishe ni na wanke fuskata, na gyara ɗankwalina, na koma na tsaya gaban teburin Shugaba.

"Na gama. Sai me kuma?"